Cajin Sanyi a Rumfar Tsoho

Ni dai na taɓa dafa batiran mutane da hannuna, mako uku cur, kamar mai dafa wake, kuma ana yi mani godiya. Ba yaro nake ba a lokacin balle in laƙa wa ƙuruciya. Ina da mata, ina da ɗiya tana rarrafe, gemu ya fara fito mani, ko da yake har yau bai yi wani abin kirki ba. Wauta ce tsagwaronta, irin wadda mutum ke yi yana jin duk Maraɗi ba wanda ya kai shi wayo. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka masani ne ke magana. Shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, ta biyun ma rabinta a bakin Gulbi na yi ta ina harbin tsuntsaye. Abin da na sani na wuta da batir, da hanci na san shi, da tafin hannu, da kuma kunya.

Abin da ya tono mani zancen, kwanan baya ne wani mai sa sola ya zo gidan maƙwabcina nan unguwarmu ta Zariya. Ya kafa faifan a kan rufi, ya ajiye batir a ɗaki, ya maƙala wani ɗan akwati a bango yana ƙyafta ido kore da ja. Na jawo kujerata na zauna kallo. Na tambaye shi me ke cikin akwatin, ya ce ba a buɗewa, in ya lalace jefarwa ake a sayi wani. Na duba batirin, ko murfi ɗaya babu, a toshe yake ruf kamar bakin mai fushi. Na ce to ta ina ake ba shi ruwa? Ya yi dariya, ya ce Baba ai wannan zamanin ya wuce. To, ya wuce ɗin, ban musa ba. Amma ni na san aikin da akwatin nan nashi ke yi ko da shi bai sani ba, kuma na san shi tun ana kwance shi da turnabis, abin kwance noti, a ga cikinshi yana motsi.

Rumfarmu tana bakin hanyar da ke shiga kasuwa, rumfar kwano ce da ta sha rana har ta yi ja. Maigidana kowa Tsoho ke ce mashi, ni kuwa Baba. Mutumin Tsibiri ne, siriri, magana na yi mashi nauyi; kullum da safe yake shigowa a kan tsohon babur ɗinshi, ya koma kafin magariba. Ya yi shekaru yana gyaran wutar manyan motoci kafin bayanshi ya hana shi shiga ƙarƙashinsu. Shi ya haɗa injin cajinmu da kanshi: tsohon injin ban ruwa da wani mai lambu na Jiratawa ya gaji da shi, da altarnater, wato abin nan da ke haifar wa mota wuta, wadda ya ciro daga wata bashe, motar a-kori-kura, da ta yi hatsari, sai bel a tsakaninsu, duka a ɗaure a kan tsohon ƙyaure. Wayoyi biyu masu kauri suka bi tsawon benci, ja da baƙa, ana jera batira ana maƙala su kamar ƴan awaki a nono. A jikin ginshiƙi kuma agogon wuta guda mai allura. Saboda haɗin nan ba ruwanmu da kuran, wato wutar lantarkin gari. Ko an ɗauke wuta kwana uku, injinmu na nan yana tuk-tuk-tuk tun hantsi, masu gyaran takalmi na kusa da mu har da shi suke gane lokacin tashi salla, don Baba na kashe shi da an kira azahar.

Aikina da safe shi ne in kwance murafu, shida-shida ga kowane batir, in leƙa in ga ko ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki. In kankare farin dattin da ke taruwa a kan batir da tsohuwar wuƙa, in shafa man giris. Ruwan da muke ƙarawa ba na rijiya ba ne, ba na famfo ba, ruwan sama ne. Shi ma ba na farkon damina ba, kuma ba wanda ya bi ta indararo ba. Baba na jiran ruwa na uku ko na huɗu, ya baza robobi a fili, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a manyan kwalabe ya jera a bayan benci, su ne za su kai mu wata daminar. Ko ƙishi zai kashe ka ba ka taɓa su. Wandunana kuwa duk sun zama rariya, don ɗigon asid ba ya nuna kanshi sai an yi wanki. Matata takan ɗaga wando a gaban rana ta ce tana hango Tsibiri ta cikinshi. Yau masu caji na zaune cikin shago da farar riga, salula ɗari a gabansu, ko ƙamshin aikin babu. Ban ce ba sana'a ba ce. Amma dai ba su taɓa sauraron batir ba.

Tun makon farko Baba ya nuna mani abin da ya ce shi ne mai rumfar, ba shi ba. Wani ɗan ƙarfe ne a gefen altarnater, bai fi kwalin ashana biyu ba, sunanshi regilater. Ya cire murfin ya ce in sa kunne. Na ji yana ƙugi siriri kamar zanzaro a cikin tulu. A ciki akwai ɗan harshe na ƙarfe da sifirin ke riƙe da shi, yana taɓawa yana saki, yana taɓawa yana saki, da saurin da ido ba ya bi. Baba ya ce altarnater ba ta da hankali ko kaɗan. Iyakar yadda inji ya juya ta, iyakar wutar da za ta zubo, ko batir na so ko ba ya so. Sai dai ba ta haihuwa sai an fara ciyar da naɗin wayar da ke juyawa a cikinta, ta bakin wasu gawayi biyu. To abincin nan ɗan harshen ke rabawa. In wutar batir ta yi ƙasa ya ƙara mata, in ta haura ya yanke, har allura ta tsaya a sha huɗu da ɗan ɗoriya ta zauna kamar an kafe ta. Batir mai yunwa zai sha da yawa da farko, kana jin inji na nishi. Yana ƙoshi yana rage sha da kanshi, inji ya saki jiki. In ka ba shi ƙasa da haka ba ya cika, wani farin gishiri ya kama farantan ya taurare. In ka ba shi fiye, rarar ba ta shiga ko'ina, ruwan take fasawa ya fice iska, farantan su bushe, su lanƙwashe, su zube. Da bazara ma yakan sassauta sifirin ɗin kaɗan, ya ce batirin da rana ta riga ta gasa ba ya son a matsa mashi. Ya tambaye ni ko na gane, na ce sarai. Ƙarya nake, kai kawai nake gyaɗawa, hankalina na wurin kokawar da za a yi ran Lahadi.

A shekarun nan ne aka saki bakin mutane. Sojoji sun ja gefe, jam'iyyu suka tsiro ko'ina, kowane gida da tutarshi, wani gidan ma biyu, ta miji daban ta mata daban. Ma'aikata wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki, lakwal a rufe, sannan aka wayi gari darajar kuɗinmu, sefa, ta faɗi, sabon batir ya koma abin kallo a kanti. Ga shi kowa na son jin labari. A ƙauye duk wanda ke da tsohon batirin mota yana kunna rediyo ko ƴar talabijin, zaurenshi ya fi na mai gari cika. Ran Litinin da Juma'a sai ka ga batira na shigowa gari a kan amalanke tsakanin buhunan albasa, wasu a bayan keke an naɗe su da tsumma kamar jinjiri. Mutum zai ajiye nashi yana ja maka kunne, don ya san in wannan ya mutu shi da wani sai dai a mafarki.

Ana haka wani ya buɗe rumfa a tsallaken hanya, da injin caji da ya sayo daga ƙetaren iyaka, wanda ba shi da mai tsawata mashi. Awa guda ya sallame ka. Batir na fitowa daga hannunshi da zafi, yana ɓararraka. To mutanenmu ga yadda suke gwada caji: a ɗora tafin hannu a gefen batir, a kara kunne a murfi. In da zafi kuma yana tafasa, ya sha wuta. In da sanyi, an cuce ka. Namu kuwa daga hantsi har la'asar yake a benci, ya fito da ɗan ɗumi kawai, shiru kamar bai je ko'ina ba. Aka fara cewa Tsoho inuwa kawai yake saida wa batira. Wani ya faɗa mashi haka a gaban idonshi, Baba ya ce shi ba zafi yake saidawa ba, mai son zafi ga mai shayi can. Aka yi dariya, amma aka ci gaba da tsallakawa. Benci mai ɗaukar goma sha biyu ya koma ɗaukar uku. Wata rana muna rufewa Baba ya ce in damina ta zo benci na nan haka, shi zai zauna gona a Tsibiri ya huta da ƙurar hanya. Shi yana da gona. Ni ba ni da ko inda zan shuka kuɓewa. In rumfar nan ta rufe, ni da matata da ɗiyata sai abin da Allah ya yi.

Cikin tsakiyar bazara yayan Baba ya kwanta ciwo, dole ya tsaya jinya a gida. Ya bar mani rumfa, da magana guda: kada in bar allura ta wuce inda ta saba. Kwana biyu na yi ina kallon batira na wuce ni zuwa tsallaken hanya. Rana ta uku na yanko jar waya tsawon taƙi guda, na ɗauko wuta kai tsaye daga babbar wayar benci na kai bakin gawayi, na zagaye regilater na bar shi yana ƙugi shi kaɗai ba mai jin maganarshi. Har na ce a raina kowa ya samu ƴanci a ƙasar nan, ita ma altarnater ta samu nata. Na tada inji. Ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, bel na kuka. Allura ta bar sha huɗu, ta taka sha biyar, ta wuce sha shida tana rawa. Da na ga tana kallona, sai na cire hulata na rataya a kan agogon.

Kafin azahar batira sun fara waƙa. Rumfa ta cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ido na yaji, ni kuwa ina jin ƙamshin arziki. Mutum na farko da ya ɗora hannu ya janye da sauri, ya dube ni ya ce ashe dai da ma Tsoho ne ya danne ni. Kasuwa biyu, benci ya cika, wasu na jira a ƙasa. Aka sa mani suna Injiniya. Babban abokin cinikina shi ne mai lasifikar wata jam'iyya, ƙato mai muryar da ko ba lasifika ana jinta a tasha. Manyan batira biyu yake kawowa kusan kullum, su ke ɗaukar lasifikan da ya ɗaure a kan rufin mota. In zai wuce ta gabanmu, tsakanin kirarin ɗan takara da zagin abokan hamayya, sai ya saka sunan rumfarmu, ya ce ga inda batir ke shan wuta har ya yi gyatsa. Ni kuma in fito in ɗaga hannu kamar ni za a zaɓa. Abin da ban faɗa wa kowa ba, batiran nan shan ruwa suke kamar raƙuma. Ruwan saman da Baba ya tanada na shekara guda, cikin mako biyu na ƙarar da shi. Daga nan na koma ɗebo na famfo da buta.

Yayan Baba ya rasu, Allah shi jiƙan shi. Bayan sadakar bakwai Baba ya dawo. Na hango shi ya tsayar da babur tun daga bakin hanya, ya ɗaga hanci. Ya shigo, ya amsa gaisuwar ta'aziyyar da na yi mashi har ƙarshenta. Sannan ya ɗage hulata daga kan agogo, ya duba allura, ya ɗora mani hular a kai ya gyara mata zama. Ya kashe inji, ya kwance jar wayar, ya naɗe ta a yatsa ya sa a aljihu. Ya zagaya bayan benci ya tarar da kwalabe wayam. A nan ne ya daɗe a tsaye.

Ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, sau nawa kowane ya hau bencin nan?"

Na ce wasu biyar, wasu shida, na mai lasifika kuwa ban ƙirga ba.

Ya ce, "To ka shirya, za su fara mutuwa."

Iyakar faɗan da ya yi mani ke nan. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Suka fara mutuwa kuwa, ɗaya bayan ɗaya, amma a hannun wa? A hannun Baba, don shi ke caji yanzu, cajinshi na sanyi. Mutane suka yi lissafinsu daidai da abin da tafin hannunsu ya gaya masu: lokacin da Injiniya ke yi batir na fita da zafi rediyo na magana, Tsoho na dawowa batir ya huce ya mutu. Wa zai ce masu ba haka ba? Ni ne zan ce, kuma ban ce ba. Mutum zai zo daga Jiratawa da mataccen batir a kafaɗa ya tsaya a bakin rumfa yana faɗa wa Baba maganar da ba a faɗa wa mai furfura, Baba na zaune yana goge gawayi bai ɗago ba, ni ina can ƙurya ina kankare abin da ba shi da datti. Wasu kan ja ni gefe su ce in bar tsohon nan in buɗe tawa rumfar, za su bi ni. Ina sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, alhali maganar na yi mani daɗi. Kwana goma sha biyu aka yi a haka. Kullum in ce gobe zan yi magana, gobe ta zo in ga ai yau ma ba ta dace ba.

Ran Juma'a da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga motar mai lasifika, shiru ba kirari, ana turo ta. Ashe jiya suna tsakiyar mitin, ɗan takara ya ɗaga hannu zai yi alkawarin rijiya, lasifika ta yi tari ta mutu, jama'a suka watse da dariya. Mai lasifikar ya sauko da magoya baya sun fi goma, suka dire batiran biyu a gaban Baba. Ya ce ba tun yau ba ya san Tsoho na wancan ɓangaren ne, an ga tutarsu a unguwarsu a Tsibiri, da gangan ya kashe mashi kaya, kuma yau rumfar nan ba za ta kwana da rufi ba. A lokacin nan maganar irin wannan ba wasa ba ce, an ƙone wa mutane shago a kan abin da bai kai haka ba.

Baba ya ce, "Ɗana, ni ban san launin tutar kowa ba. Allurar can na sani."

Mai lasifika ya ce, "Allura za ta riƙe maka kwano in mun yaye?"

Biyu daga cikinsu suka kama ginshiƙi suka fara girgizawa, agogo na lilo. Ban san lokacin da na ɗauko zarto ba. Ba jarunta ba ce, tsoro ne ya yi mani yawa har ya rasa inda zai bi. Na tsiyaye ruwan batir ɗaya a roba, na ɗora shi a kan benci na fara yankan murfinshi. Ƙarar zarto ta sa suka tsaya kallo, don mutanenmu ko gobara suka zo kashewa, in an fara buɗe wani abu sai sun ga cikinshi. Na ɗage murfin na zaro farantan. Sun lanƙwashe kamar ganyen da wuta ta lasa, samansu a bushe ƙamas, ƙasan akwatin kuwa baƙin taɓo, naman dalmar ne da ya zube. Na ɗaga su sama na ce kowa ya duba, wannan ba aikin sanyi ba ne, ƙuna ce, kuma ni na ƙona. Na ce Baba ya ba ni wayar. Ya zaro ta daga aljihu, ashe duk kwanakin nan tana nan. Na nuna masu inda na ɗaura ta, na faɗi zancen hula, na faɗi zancen ruwan famfo. Na buɗe regilater na maimaita masu karatun da Baba ya yi mani, kalma bayan kalma, ina mamakin ashe ya shiga kaina. Na ce tafasar da suke kara kunne suna jin daɗinta, kukan batir ne yana mutuwa.

Sai mai lasifika ya matso ya dafa kafaɗata, ya juya ga jama'a ya ce su ga ɗan halak, ya ɗauki laifin maigidanshi ya aza wa kanshi, irin waɗannan ƙasa ke nema. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, wata tsohuwa har da sa mani albarka. Na rantse, na ƙara rantsewa, suna ƙara yabona. Ya ce albarkacina ya bar rumfar a tsaye. Suka kwashi gawar batiransu suka tura mota suka tafi. Rufi ya tsira, da sunan kirkin da ba nawa ba, Baba kuwa an bar shi da laifin da ba nashi ba. Na juya ina neman idonshi, ya riga ya tada inji, yana daidaita sifirin da turnabis har allura ta zauna inda ta saba.

Ruwan farko na sauka Baba ya miƙa mani makullin rumfa da turnabis ɗinshi, ya ce in ci gaba, bayanshi ya gaji da hanya. Ba rigima, ba gori. Bayan tafiyarshi da ƴan watanni batiran masu tsallaka hanya su ma suka fara zubewa, mai rumfar can ya tattara ya koma saida man fetur a kwalba. Wasu suka dawo wurina a sace, suna ajiye batir ba su haɗa ido da ni. Ba wanda ya taɓa cewa a gaida Tsoho, a ce mashi ya yi gaskiya. Ni kuma tun ranar zarton nan ban sake ba wa kowa caji mai zafi ba. An roƙe ni, an yi mani ba'a, an cire mani Injiniya an maida ni ƙaramin Tsoho. Wata jam'iyya ta hau, sojoji suka dawo, suka sake tafiya, kowa da mai lasifikarshi mai gaggawa, duk na ce masu daga hantsi zuwa la'asar ne, in ba su iya jira ga hanya. Mai ɗora tafin hannu a batir a gabana, nakan kama hannun in kai shi kan agogo in ce nan ake dubawa. Da yawa sun yi fushi ba su dawo ba. Su tafi. Rumfar ta ciyar da ni har na aurar da ƴaƴana, ba ta yi mani bene ba, ban kuma nema ba. Don haka in mai sola ya ce zamanina ya wuce, ina iya yin dariya. Akwatinshi mai ƙyafta ido ba abin da yake yi sai hana wuta wuce sha huɗu da ɗoriya, aikin ɗan harshen Baba ne aka toshe da roba don kada a gani. Har yau kuma ina ganin masu cire shi su haɗa faifai da batir kai tsaye, wai ya fi saurin cika. Ba ni kaɗai aka haifa da irin kaina ba.

Da kaka ta yi a shekarar nan na hau mota na tafi Tsibiri in roƙe shi ya dawo, don benci ya fara cika. Na same shi a gona yana ɗaurin damman gero. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko na tari ruwan sama, kwalba nawa, da wane ƙyalle na tace. Ya tambayi gawayin altarnater ko sun cinye. Zancen dawowa kuwa ya ce in bari, gona ta karɓe shi. Muka taho gida tare, matarshi, da muke kira Inna, ta dama mani fura da nono mai yawa, ta tambayi matata da ɗiyata. Da zan tafi Baba ya shiga alwala, ita ta rako ni har bakin zaure. A nan ta yi mani tambayar da ta sa na tsaya ina gyara zaman takalmi har ta gaji ta koma ciki.

Ta ce, "An ce ka tashi gaban jama'a ka faɗi gaskiya, Allah shi yi maka albarka. Amma kwanakin nan goma sha biyu da yake dawowa ya ture akushi ya kwanta, kai a gidanka kana iya cin tuwo?"